Suwaiba da Jinin Taguwa

Duk wanda ya taɓa jawo akuya marar lafiya zuwa kasuwar Dakoro ya san shagon Suwaiba Kimba. Ɗan ɗaki ne mai ƙofar kwano, kusa da inda ake durƙusar da raƙuma, cike da maganin tsutsa da na kaska da allurar rigakafi. Ita kanta doguwar mace ce, ba ta da yawan dariya, kuma takan yi tsaki kafin ta amsa tambaya, ko da tambayar ba ta da laifin komi. Waɗanda suka san ta tun tana ƙarama sun ce da can ba haka take ba.

Mahaifinta, Malam Kimba, dillalin raƙuma ne. Da ya buɗe bakin raƙumi ya dubi haƙora, ya shafa tozo, ya ɗaga ƙafa, to ya gama sanin abin da zai gaya wa mai saye. Suwaiba ta tashi tana kai masa fura kasuwa in an tashi daga lakwal, wato makarantar boko, tana ratsa ƙafafun amale kamar mai ratsa turakun rumfa. Ba ta taɓa jin tsoron raƙumi ba. Abin da take tsoro yana cikin gida.

Ƙanwarta Hamdiya an haife ta da amosanin jini. In ciwon ya tashi, yarinyar takan dunƙule a kan tabarma tana cizon zane, ta ce ƙasusuwanta ake daka a turmi. Uwarsu ta rasu da wuri, don haka Suwaiba ce ke goya ta zuwa gidan likita. Can akan yi mata allura mai ƙarfi, ciwon ya lafa, sai kuma amai ya zo, da barcin da ba ya hutar da mutum, da ciki da ke ɗaurewa. Da Hamdiya ta girma sai wani abu ya ƙaru: bayan ciwon ya wuce, jikinta ya riƙa neman maganin. Malam Kimba yana ganin yadda ƴan uwan wannan magani suka lalata samari masu kabu-kabu a tasha, sai ya riƙa ɓoye ƙwayoyin cikin aljihun rigarsa, Hamdiya na kuka, shi ma idonsa na cika.

Wannan ne ya kai Suwaiba karatun halittu a jami'a a Maraɗi bayan ta ci bak, jarrabawar gama sakandare. Wata rana a aji ta ɗaga hannu ta tambayi malaminsu Abdulrauf, wanda suke kira Mushe irin na Faransanci, mi ya sa ba a iya yin maganin da zai ɗauke ciwo ya ƙyale mutum da hankalinsa. Ɗalibai suka yi dariya don tambayar ba ta cikin darasin. Shi bai yi ba. Ya goge allo, ya zana ƙwayar halitta guda, ya yi mata ƴan ƙofofi a jikin bango.

Ya ce, "Jikinki duka irin waɗannan ƙwayoyi ne. Magani ba ya shiga haka nan, sai ya taɓa ƙofa, ƙofar ta motsa, ta aika saƙo ciki. Matsalar ita ce ƙofa guda tana iya aika saƙo biyu. Ɗaya ya ce ciwo ya tsaya, ɗaya ya kawo amai da sabo. Masu neman magani suna son wanda zai motsa ƙofar ta yadda saƙon farko kaɗai zai tafi. Amma kafin su same shi sai sun iya ganin motsin ƙofar, kuma ta yi ƙanƙanta da yawa."

Ba a daɗe ba Mushe Abdulrauf ya samu tafiya Turai, wani labo, ɗakin binciken kimiyya, ya ɗauke shi aiki. Suwaiba ta gama digirin lisansi, ta shiga neman burs, wato tallafin karatu, don ta ci gaba. Ta nema a gida, ta nema a waje, kullum ana cewa ta jira sakamako, sakamakon ya fito babu sunanta. Daga ƙarshe ta tattara littattafanta cikin buhu ta dawo Dakoro. Ta yi ɗan horo kan lafiyar bisashe, ta buɗe shago, ta auri Tanimu, wani tela mai sanyin hali, suka haifi ɗa suka sa masa Amiru. Buhun littattafan yana ƙarƙashin gado, gara ta ci gefe ɗaya.

Ana nan, wata ranar kasuwa, tana tsakiyar ɗura wa tunkiya magani, sai waya ta yi ƙara da wata doguwar lamba. Ta sa ta a kafaɗa.

"Suwaiba Kimba? Mai tambayar ƙofa?"

Ta saki tunkiyar. "Mushe! Kai ne?"

Bayan gaisuwa ya tambaye ta ko har yanzu mahaifinta na cikin raƙuma. Ta ce yana nan. Sai ya ce to ta saurara da kyau, don abin da ya sa ya kira ta ke nan.

Ya ce a labonsu suna aiki a kan ƙofar nan ta ciwo, kuma an samu dabarar ganin motsinta. A jinin raƙumi akwai wasu ƴan dakarun kariya ƙanana ƙwarai, irin da babu su a jinin mutum ko na saniya. In aka yi wa raƙumi allura da samfurin ƙofar, a hankali jikinsa zai ƙera dakarun da suka san ta. Daga cikinsu akan dace da wanda ba ya kama ƙofar sai lokacin da ta motsa. Shi ake cirowa, a liƙa masa wani abu mai haske kore, a sa shi cikin ƙwayar halitta mai rai.

"Sai ki ɗiga magani ki leƙa madubin likita," in ji shi. "In maganin bai yi komi ba, hasken na nan warwatse cikin ƙwayar. In ya motsa ƙofar, sai ki ga hasken ya gudu ya taru a bango kamar zobe. Da wannan ma'auni za mu iya gwada magunguna masu ɗimbin yawa, mu ga wanne ke motsa ta, da ƙarfi ko a hankali, da kuma tsawon lokacin da yake riƙe ta. Na gaya wa shugabannin furoje, masu ba da kuɗin aikin nan, cewa garinmu raƙuma sun fi motoci yawa. Ina son raƙumi mai lafiya, da mutumin da zan amince da shi."

Suwaiba ta tsaya riƙe da waya, tunkiyar ta tsere cikin kasuwa, mai ita na bin ta yana zagi. Ba ta ma ji shi ba. Da ta koma gida ta jawo buhun nan daga ƙarƙashin gado, ta kakkaɓe, ta zauna karatu har tuwo ya kama.

Aikin a faɗe ba wuya. Za a aiko ƴan kwalabe cikin sanyi. Ta riƙa yi wa raƙumi guda allura mako-mako har wajen wata biyu, sannan ta ɗebi jini ta zuba cikin wasu kwalabe na musamman, ta mayar cikin sanyi. Ta je ma'aikatar kiwo ta nemi izini, aka yi ta juya ta daga wannan buro zuwa wancan, don babu wanda ya taɓa jin irin wannan buƙata, har dai wani ya gaji da ganinta ya buga hatimi.

Malam Kimba ya haɗa ta da Alhusaini, wani makiyayi daga Azagor da ya sauko da garkensa kusa da gari saboda rani. Mutum ne mai fara'a, rawaninsa ya rufe komi sai idanu. Suwaiba ta yi masa bayani dalla-dalla a kan shayi: allurar ba ta cutarwa, amma raƙumin ba zai gusa daga nan ba sai an gama.

"Ba komi, Likita," in ji shi. "Ina nan. Ina zan je?"

An yi ta farko, an yi ta biyu, an kai tsakiyar aiki lafiya. Sai ruwan farko ya sauka a arewa. Da ta je zangon da allura a hannu, ba ta tarar da komi ba sai tokar murhu da kashin raƙuma. Ta kira wayarsa, babu rezo. Ta ɗauki ɗan kabu-kabu suka bi sawu cikin rairayi har mai ya kusa ƙarewa, suka haɗu da wata mata a bakin rijiya ta ce ai sun wuce tun shekaranjiya, sun nufi wajen Tagriss, daga nan kuma sai inda ciyawa ta kai su. Suwaiba ta dawo fuskarta duk ƙasa, ta jefa ragowar kwalaben cikin firigo, ta zauna bakin shago.

"Ke ma dai," in ji mahaifinta. "Ruwa ya sauka ki ce makiyayi ya zauna?"

"Baba, kai ka kawo shi!"

"Na kawo shi da rani."

Kafin ta huce sai magana ta bazu a kasuwa. Wasu suka ce ɗiyar Kimba na sayar wa Turawa jinin raƙuma. Wasu suka ce allurar hana haihuwa ce, shi ya sa Alhusaini ya gudu da garkensa. Mutanen da suka saba kawo mata awaki suka koma sayen magani wurin masu talla a kan tabarma, maganin da rana ta gama dafawa. Ta tsaya a tsakiyar kasuwa tana ƙoƙarin bayyana wa wasu dattawa ƙwayar halitta da ƙofa da haske kore. Suka saurare ta cikin ladabi, ɗaya ya ce Allah ya kyauta, suka watse.

Abin ya taɓa Malam Kimba, don sunansa ake kira. Yana da wata taguwa tasa ta kansa da ake kira Maraya, saboda uwarta ta mutu wajen haihuwarta, shi ya raine ta da nonon wata taguwar. Ba ya bari kowa ya ɗora mata kaya. Wata safiya ya jawo akalarta har ƙofar shagon, ya durƙusar da ita a gaban jama'a.

Ya ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji, "Ga tawa. Ki yi mata. In ta mutu ni na yi asara."

Amma allurar da ta rage ba za ta isa ba, sai an aiko sabuwa. Mushe Abdulrauf ya aiko. Kwalin ya maƙale a duwan, wurin masu binciken kayan da ke shigowa ƙasa, a Yamai saboda an rasa sunan da za a rubuta wa abin da ke ciki, ko magani ne ko sinadari. Da ya iso Dakoro ƙanƙarar ta daɗe da narkewa, ruwan cikin kwalaben ya yi gauraye kamar tsamiya. Ta ɗauki hoto ta tura masa. Ya kira ta ya ce wata guda suka yi suna haɗa shi. Ta ce ita ma ba barci take yi ba a nan.

Kwali na gaba ya iso lafiya, amma sai da shekara ta zagayo, ya iso da bazara, lokacin da kuran, wato wutar lantarki, ke zuwa kamar baƙo, ya gaisa ya tafi. Firigonta ya zama akwati kawai. Kullum tana yawo da gilasiyar, ɗan akwatin riƙe ƙanƙara, a hannu, daga shago zuwa wurin mai sayar da ƙanƙara, daga nan zuwa wata farmasi mai wutar hasken rana, inda mai ita ya yarda ta ajiye kwalaben bayan ya sa ta rantse ba guba ba ce. Tanimu ya ɗinka wa gilasiyar riga da tsohon bargo. Yana yi mata ba'a wai tana tarairayarta fiye da Amiru.

"Baban Amiru, don Allah ka ƙyale ni," in ji ta. "Yau ba ni da bakin wasa."

"Jiya ma ba ki da shi."

Maraya kuwa ta tsani allura. Da ta hango Suwaiba sai ta fara gurnani tana zubar da kumfa, ta taɓa watsa mata abin da ta tuƙa a fuska a gaban mutane. Malam Kimba ne ke riƙe kanta yana yi mata magana a kunne kamar jaririya. Haka aka lallaɓa har aka cika allurai. Ranar ɗibar jini Hamdiya ma ta zo, ta zauna a inuwa tana kallo yayin da Suwaiba ta laluba jijiyar wuya ta soka, jini ya hau baƙi-baƙi cikin kwalabe.

"Yaya, maganina ke nan?" in ji Hamdiya tana dariya.

"Ba magani ba ne. Abin da za a auna magani da shi ne."

"To, a gaya wa Maraya na gode."

Wannan karon Suwaiba ba ta yarda ta ba kowa saƙo ba. Ta rungumi gilasiyar ta shiga mota zuwa Maraɗi, motar ta yi faci a hanya, ta tsaya cikin rana tana kare gilasiyar da mayafinta. A Maraɗi ta sake ƙanƙara ta kama kar, babbar motar fasinja, zuwa Yamai. Can ta damƙa kwalaben ga wata abokiyar aikin Mushe Abdulrauf da ke da babban firigo da gurup, injin ba da wuta, wadda za ta sa su a jirgi cikin makon. Suwaiba ta tsaya sai da ta ga an rufe firigon da idonta. A hanyar dawowa ta yi barci irin wanda ta daɗe ba ta yi ba, kanta a jikin gilashi.

Ta dawo da ƴan kwanaki al'amuran ƙasa suka juya. Aka rufe iyakoki, jirage suka tsaya. Mutane na ta zancen siyasa a bakin rediyo, ana maganar tsadar shinkafa da ƙarancin kuran, ita kuwa tunaninta na kan kwalabe cikin firigon wata mata a Yamai. Ta ji kunyar kanta a kan haka, amma ba ta iya hana kanta ba. Takan kira matar ta tambayi lafiyar gurup kafin ta tambayi lafiyar yara, har matar ta fara ƙin ɗaukar waya.

A cikin wannan jira ne, bayan kaka, fiye da shekara da tafiyarsa, Alhusaini ya bayyana a ƙofar shago, idanunsa na murmushi, yana jaye da raƙumin nan da ya yi ƙiba har tozo na rawa.

"Likita, na kawo shi a ƙarasa mashi. Wallahi allurarki na da kyau. Dubi yadda ya yi! Ƴan uwana ma suna so a yi ma nasu."

Suwaiba ta dube shi, ta dubi raƙumin. Ta ce ciyawa ce ta sa shi ƙiba, ba allura ba, kuma aikin da ya ɓata mata ba ya gyaruwa. Alhusaini ya yi mamaki da gaske. Ya ce ai bai gudu ba, kiwo ya tafi, ga shi kuma ya dawo kamar yadda ya yi alkawari. Da ta ga ba zai taɓa gane abin da ya yi ba, sai ta sayar masa da maganin kaska ta sallame shi. Abin haushin, wannan zuwan nasa ne ya kashe jita-jitar. Makiyaya suka dawo shagon, kowa na tambayar allurar ƙiba, tana cewa babu, suna ganin rowa take yi.

Sai da aka daɗe kafin wani likita mai tafiya taro ya fita da kwalaben ta wata ƙasa, da takardu cikakku. Rabinsu sun lalace. Mushe Abdulrauf ya ce sauran za su isa. Daga nan kuma shiru, wata bayan wata. In ta tambaya ya ce suna tacewa, dakarun suna da yawa kamar gero a rumbu, ɗaya ake nema.

Wata rana da hantsi bidiyo ya shigo wayarta. Rezo na da rauni, ta fita bayan shago ta ɗaga wayar sama har ya sauka. Ta ga baƙin fili, a cikinsa wasu ƙwayoyi, kowace da zobe kore mai ƙyalli a gefenta. Ta zauna a kan wani buhun dusa. Wannan hasken daga wuyan Maraya ya fito, da hannunta ta ɗebo shi. Ta ruga ta nuna wa mahaifinta a rumfar dillalai, ya riƙe wayar nesa da ido ya ce kamar ƙwai a kasko. Ta nuna wa Hamdiya. Sannan ta kira Mushe tana haki.

"Na gani, Mushe! Zoben ya fito!"

Muryarsa ba ta yi daidai da tata ba. Ya ce ta sake kallo, wannan hoton kafin a ɗiga magani ne. Ɗan dakaren da suka samu ya san ƙofar sarai, yana kama ta da ƙarfi, amma yana kama ta ko ta motsa ko ba ta motsa ba. Zoben na nan kullum. Ba ya bambance komi, don haka ba za a iya auna magani da shi ba. Wataƙila samfurin ƙofar ya sauya siffa a hanya saboda zafi, wataƙila wanda ake nema yana cikin kwalaben da suka lalace, babu mai iya sani.

"Amma ba asara ba ce gaba ɗaya," in ji shi. "Zai yi amfani wajen nuna inda ƙofar take a jiki. Haka bincike yake, Suwaiba. Mu sake gwadawa, da raƙuma biyu."

"Raƙuma biyu."

"I, don in ɗaya..."

"Mushe, ka san mi ake kira bazara har yanzu, ko ka manta? Ka san nawa na yi yawo da gilasiyar nan kamar mahaukaciya? An ce ina sayar da jini. Ubana ya ba da taguwarsa a gaban kasuwa. Kai kana zaune cikin sanyi kana ce mani haka bincike yake!"

Ba ta taɓa ɗaga masa murya ba. Ya ce ta yi haƙuri, ya san ta wahala. Ta ce ba ta sake yi, ta kashe wayar. Ya yi ta aiko saƙo, ba ta buɗe ba. Tanimu ya ce ko ta ƙi aikin, ta amsa gaisuwar malaminta. Ta ce ya kula da keken ɗinkinsa.

Haka aka ci damina. Da sanyi ya shigo ciwon Hamdiya ya tashi, irin wanda aka daɗe ba a gani ba. Yanzu ta fi ƙarfin goyo, a amalanke aka kai ta. Suwaiba ta wuni a gefen gado tana riƙe da ƙafafunta, tana kallon yadda allurar ke kwantar da ita, da yadda take farkawa tana amai, da yadda idanunta ke bin hannun mai jinya in ya wuce da tire. Babu abin da ya sauya tun suna yara. Da la'asar, da Hamdiya ta samu barci, Suwaiba ta fita ƙarƙashin wani itacen bedi a harabar gidan likita ta kira lambar.

"Mushe, ni ce. Ka yafe mani abin da na faɗa. Zan yi. Raƙuma biyun, zan samo. Amma a aiko da sanyi, kada a kai bazara."

Ya ce ya yi ta neman ta don ya gaya mata. Furojen ya ƙare, ba a sabunta shi ba. Sashen da ya rage na aikin an mayar da shi wata gona kusa da labon, inda ake kiwon wasu dabbobi ƴan uwan raƙumi, gajeru masu gashi, da jininsu ke da irin dakarun. Daga gonar zuwa labo tafiyar ƙasa da awa ce, babu duwan, babu ƙanƙara. Ya yi gardama, in ji shi, ba a saurare shi ba. Ya ce ya sa sunanta cikin waɗanda suka yi aikin, kuma in wata dama ta fito ita zai fara kira.

Suwaiba ta ce ta gode. Ta tambayi iyalinsa, ya tambayi nata. Da suka gama ta tsaya ƙarƙashin bedin tana kallon wata akuya na cin kwali a bakin shara, ta ji ko kukan ma ba ya zuwa. Ta koma ciki ta gyara wa Hamdiya mayafi.

Hamdiya ta tashi daga wannan ciwon, tana zaune gidan Suwaiba yanzu, tana taya Tanimu sa maɓalli in jikinta ya yarda. Malam Kimba ya tsufa, ba ya zuwa kasuwa kullum. In baƙo ya zo yakan ce jinin taguwarsa ya je Turai, in aka tambaye shi mi ya je yi, sai ya ce a tambayi Suwaiba, ita kuwa ta yi tsaki ta shige ɗaki.

Bara ta je Maraɗi sayen kaya ta ga wani tsohon madubin likita a shagon gwanjo, irin mai amfani da hasken rana, ido ɗaya ya tsage. Ta saya. Ta koya wa kanta shafa ɗigon jini a gilashi tana neman ƙwayar cutar da ke ramar da raƙuma, don ta daina ba da magani da ka. Tana ganin jajayen ƙwayoyin jini sarai, amma cutar ba ta fitowa da kyau sai an rina gilashin da wani shuɗin ruwa, shi kuwa babu shi a Dakoro. Wani mai farmasi a Maraɗi ya ce ya samo mata, ta ba Sha'ibu direba sallahu ya karɓo. Makon farko ya ce shagon a rufe yake. Na biyu ya ce ya manta. Ranar kasuwar da ta wuce an gan ta a tasha tun kafin motarsa ta gama tsayawa, ta leƙa ta taga, shi kuwa ya dafe kai da hannu biyu.

"Hajiya, wallahi na karɓo. Na bar shi kan teburin mai shayi a Maraɗi."

"Sauko," in ji Suwaiba. "Sauko ka kira mai shayin yanzu, ina tsaye."